Alwala da hoton Alƙur'ani a kwamfuta

A mazhabar Malikiyya ba a taɓa Alƙur'ani sai da alwala. Ɗalibin ilimin laburare da ke koyon ɗaukar hoton tsofaffin rubuce-rubucen hannu a Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi da aka kafa a Kaduna a 1970, yakan ci karo da wannan hukunci idan takardar ta Alƙur'ani ce. Wajen juya shafukan takardar, hukuncin na nan daram. Hoton da ya shiga kwamfuta fa? Malaman zamani da yawa na ganin bai ɗauki hukuncin littafin ba, tunda rubutun yana bayyana ne ya ɓace. Sai dai amanar kwafi ta fi nauyi: shafin da aka tsallake ko aka jera ba daidai ba, haka zai yaɗu a intanet.