Shaidar Da Ake Bayarwa A Ƙarƙashin Teku

Hausawa sun ce sa kai ya fi bauta ciwo. Watau wanda ya ɗora wa kansa aiki ba tare da an tilasta shi ba, nauyin da ke wuyansa ya fi na wanda aka sa. Amma sau da yawa mutane sukan juya maganar, su ɗauka cewa tun da aikin kyauta ne, to duk yadda aka yi shi ya yi, wai ba a duba haƙoran dokin da aka samu a banza. Tambayar wannan mako ke nan: shin mai aikin sa kai yana da rangwame wajen kyautata aikinsa da faɗin gaskiya a cikinsa? Za a duba ta ne ta hanyar aikin wasu mutane masu nutso cikin teku domin ƙidayar kifi.

A cikin tekunan ƙasashe masu zafi akwai tuddai na dutse waɗanda wasu ƙananan halittu masu rai suke ginawa sannu a hankali, shekaru aru-aru. Su ne duwatsun murjani, dangin murjanin nan da mata suke ado da shi. Akwai su a Bahar Maliya, wadda alhazan da suka bi ta Sudan suka riƙa ƙetarewa zuwa Jidda, akwai su kuma a gaɓar Afirka ta Gabas, da Indunusiya, da Ostareliya. Faɗinsu duka bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma duk da haka kusan rubu'in nau'o'in halittun teku a nan suke samun abinci da mafaka, miliyoyin talakawa masunta kuwa da su suka dogara. Wani rahoto na duniya da aka fitar a 2021 ya nuna an yi hasarar kimanin kashi 14 cikin 100 na murjanin duniya tsakanin 2009 da 2018, galibi saboda ɗumamar ruwan teku.

Masana ba su da yawan da za su iya zagaya waɗannan wurare duka. Saboda haka a 1996 wani masanin halittun teku, Gregor Hodgson, ya kafa ƙungiyar Reef Check domin a koya wa masu nutso na sha'awa yadda za su taimaka, a 1997 kuma aka yi ƙidayar farko a ƙasashe 31. Yadda ake yi shi ne, a shimfiɗa igiyar awo mai tsawon mita 100 a zurfin da bai wuce mita 12 ba, a raba ta yanki 4 masu mita 20 kowanne, sa'an nan a dakata kaɗan har kifayen da suka firgita su komo. Daga nan mai nutso, da tulun iska a bayansa da allon roba da fensir a hannunsa, zai bi igiyar a hankali yana rubuta kifayen da ya gani cikin faɗin mita 5. Akwai mai launi kamar malam-buɗe-littafi, akwai mai baki irin na aku wanda ke kankare gansakuka don kada ta shaƙe murjani, akwai kuma ƙaton nan mai ƙululu a goshi da ake kira Nafoliyon, wanda yakan kai mita 2.

To, abin lura shi ne, mutumin nan ba mai duba allonsa a ƙarƙashin ruwa. Ba albashi yake karɓa ba, sau da yawa ma shi ya biya kuɗin tafiyarsa. Ga shi ya yi doguwar tafiya yana begen ganin babban kifi, sai kifin ya gilma can gefe, taku biyu a wajen iyakar da aka shata. Zuciya za ta ce masa ai ka gan shi, rubuta mana. Ka'ida kuwa ta ce ba ya cikin lissafi. Har idonsa ma ba abin sakankancewa ba ne, gama ta cikin gilashin fuska abu yakan ƙara girma a ruwa da misalin sulusi, sai wanda ya horu ne yake iya rage abin da ido ya ƙara.

Wani zai ce, mene ne laifin kifi ɗaya a kan allo? Amsar tana cikin abin da ake yi da allon. Da irin waɗannan alƙaluma ne hukuma take yanke shawarar inda za a hana kamun kifi da inda za a bari. In mai ƙidaya ya ƙara, sai a zaci wurin lafiya lau yake, a ci gaba da kwasa har ya ƙare. In kuwa ya rage, don tausayin kifi ko don ya tayar da hankalin mahukunta, sai a hana masunci wurin da yake ciyar da iyalinsa ba bisa haƙƙi ba. Ashe ke nan allon shaida ne a cikin shari'ar da ke tsakanin masuncin yau da jikokinsa, ko da yake mai shaidar bai san fuskar ɗayansu ba. Kyakkyawar niyya ba ta halatta karkata ga ɗayan ɓangarorin.

Malaman hadisi sun daɗe da warware irin wannan matsala. Ba su karɓar ruwaya sai mai ruwayar ya haɗa abu biyu, adalci da kiyayewa. Mutum yana iya zama salihi mai tsoron Allah, amma in haddarsa tana da rauni sai a ajiye ruwayarsa, ba tare da an taɓa mutuncinsa ba. Haka nan mai duban jinjirin wata: ɗokin ganin wata ba ganin wata ba ne. Wannan shi ne dalilin da ya sa ƙungiyoyin nan ba su wadatuwa da zumuɗin mai sa kai, sai sun koya masa sun kuma jarraba shi. Wata ƙungiyar da ta taso daga Tasmaniya ta ƙasar Ostareliya, mai suna Reef Life Survey, ta gwada alƙaluman horarrun 'yan sa kai da na ƙwararrun masana, aka tarar bambancin kaɗan ne.

Mafi nauyin abin da mai nutso yake rubutawa kuwa shi ne sifiri. Ba mai son ya fito daga ruwa da allo fayau, domin yana kama da aikin banza. Amma a ƙidayar 1997, abin da ya fi girgiza masana shi ne yawan wuraren da aka rubuta babu. A mafi yawan wuraren da aka duba a tekun Indiya da na Fasifik ba a ga kifin Nafoliyon ko ɗaya ba, saboda ana kama shi da rai, wani lokaci da guba, a kai shi kasuwannin Hong Kong inda yake da tsada. A 2004 aka sa shi cikin halittun da ake taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Da masu ƙidaya sun ji kunyar rubuta sifiri, da gaskiyar ta daɗe a ɓoye.

Akwai kuma mai cewa ƙidaya ba ta sanyaya ruwan teku, ba ta kuma mayar da kifin da aka cinye. Wannan haka yake. Sai dai wani masanin harkar kamun kifi, Daniel Pauly, ya yi nuni a 1995 cewa kowane zamani yakan ɗauki abin da ya tarar a ƙuruciyarsa a matsayin yadda duniya take tun asali. Ɗa ya tarar da rabin abin da ubansa ya sani, ya ce cike take. Jika ya tarar da rabin rabin, shi ma ya ce cike take. Ta haka dukiya take zurarewa ba wanda ya yi kuka. Rubutacciyar shaida ta gaskiya ce kaɗai take tsayar da wannan mantuwa, gama abin da aka rubuta bana shi za a auna na baɗi da shi.

Bisa ga wannan, lalle ne mai sa kai ba shi da rangwame. Kuskuren da ya auku bayan an yi iyakar ƙoƙari abin yafewa ne, ɗan Adam ajizi ne. Amma sakaci da ƙari da ragi ba su zama halal don aikin kyauta ne. Mai albashi yana da shugaban da zai kama kuskurensa, shi kuwa wannan an sakar masa ne saboda an amince da shi, cin amanar wanda ya amince kuwa ya fi muni. Hukuncin bai tsaya ga teku ba, ya haɗa da mai riƙe da littafin kuɗin masallaci, da mai rubuta sunayen marayun unguwa, da duk wanda ya ce a ba shi zai yi domin Allah.

Allah Ya ba da ikon riƙon amana a fili da ɓoye, amin.