Amsar da Ba Ta da Rumbu

Ɗan wana yana karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda aka sauya wa suna zuwa ta Aliko Dangote a 2022, kuma yana da 'yar gonar masara a bayan garin Darki. Wata damina ya je gona da sassafe ya tarar ganyen duk ya huje, kamar an bi shi da ƙusa. Abin da ya fara yi shi ne abin da duk sa'anninsa za su yi: ya zaro waya, ya ɗauki hoto, ya tura cikin wani guruf na manoma a WhatsApp.

Kafin ya iso gida amsoshi sun taru. Mutum huɗu sun ce Allah ya kawo sauƙi, ya amsa da amin. Wani ya ce ya jiƙa omo ya fesa. Wani ya ce kalanzir. Wani ya turo hoton kwalbar magani da lambar wayarsa, kana gani ka san kasuwarsa yake ci. Can ƙasa kuma ga saƙon murya na kusan minti uku daga wani dattijo, tsohon malamin gona, wanda ba kasafai yake magana a guruf ɗin ba. Ya ce wannan tsutsar nan ce da ta shigo ƙasar nan a 2016, da rana tana lafewa a cikin zuciyar masara, don haka fesa saman ganye da tsakar rana asarar kuɗi ce. A yi feshin da sassafe ko da yamma liƙis, a saita bakin famfon cikin zuciyar shukar, kuma a gaggauta tun tsutsar tana ƙarama.

Yaron bai gamsu ba, ya jira ranar Alhamis, ranar da kasuwar Darki ke ci. Na raka shi rumfar wani mai sayar da iri da maganin feshi, mutumin da mahaifinsa ma wurinsa yake saye. Ya miƙa masa wayar. Mai rumfar ya duba, ya ajiye, ya ce, "Yaro, kwana nawa da shuka?" Ya faɗa. "Ka buɗe zuciyar ka ga kashi kamar dusa?" Ya ce, "Na gani, Baba." "Duk gonar, ko ɓangare guda?" Sai da ya yi masa tambaya biyar kafin ya miƙa hannu kan kanta. Abin da ya faɗa a ƙarshe bai saɓa da na tsohon malamin gonar ba.

A hanyar komawa na yi ta juya abin a raina. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma sun yi maganar ne a zamanin da wanda ka tambaya yana tsaye gabanka. Mai rumfar nan ya san in ya ba da maganin banza, wata Alhamis ɗin za a zo a same shi a wurin, gaban jama'a. Wanda ya ce a zuba kalanzir kuwa, ko gonar ta ƙone ƙurmus, babu wanda zai bi shi gida. Mun ga ƙarshen irin wannan amsa a watan Agustan 2014, bayan cutar Ebola ta shiga Legas, aka wayi gari saƙo ya zaga ƙasa cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Ni kaina cikin dare aka tashe ni da waya. An kwantar da mutane a asibiti, wasu sun rasa ransu, kuma kowa ka tambaya sai ya ce shi ma turo masa aka yi. Malamanmu kan ba da labarin Imamu Malik da yawan cewa bai sani ba idan an tambaye shi. A guruf da wuya ka ga wanda ya rubuta haka.

Amma ba zan yi wa waya butulci ba. Tsohon malamin gonar nan ba ɗan Darki ba ne, yaron bai taɓa ganinsa ba, kuma da ba don guruf ba babu abin da zai haɗa su. Mu da muka tashi da aika wasiƙa zuwa shirin Amsoshin Takardunku na BBC Hausa, mu yi makonni muna kasa kunne ko za a karanto tamu, mun san darajar amsa da ta zo cikin sa'a guda, kyauta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai sai da damina ta zagayo ya faru. Wani sabon shiga ya turo hoto iri ɗaya, ganye a huje, yana neman taimako. Ɗan wana ya ce bari ya nemo masa saƙon bara. Babu. Wayarsa ta cika tun da rani, ya goge saƙonnin murya don ya samu wurin ajiye takardun makaranta. Ya tambayi sauran, kowa labarin ɗaya. Tsohon malamin gonar kuma ya fita daga guruf ɗin, wataƙila tallace-tallace da gardamar siyasa sun ishe shi. Mai kalanzir dai yana nan, kuma shi ya fara amsawa.

Turawa sun yi wa wannan matsala dabara, dabarar da kowane manomi ya sani: rumbu. A 2008 wasu mutum biyu, Jeff Atwood da Joel Spolsky, suka buɗe dandalin Stack Overflow domin masu rubuta manhajar kwamfuta. Kowace tambaya tana zama a wurinta, masu karatu su jefa ƙuri'a, amsa mai kyau ta taso sama, ta banza ta nutse ƙasa kamar tsakuwa a ruwan rege. Wanda amsoshinsa suka yi ta dacewa yana tara maki kusa da sunansa, wato an ƙera masa irin mutuncin da mai rumfar Darki ya tara da shekaru. Wanda ya zo bayan shekara goma da matsala iri ɗaya zai tarar da amsa tana jiransa. A 2021 kamfanin Prosus ya sayi dandalin a kan dala biliyan 1.8. A 2024 an ba da rahoton Google zai riƙa biyan dandalin Reddit kimanin dala miliyan 60 a shekara domin ya horar da na'urorinsa masu amsa tambaya da hirarrakin mutane. Waɗanda suka zauna suka rubuta amsoshin don Allah ba da su aka yi rabon ba, wannan ma abin dubawa ne. Kuma rumbun wani ba naka ba ne: dandalin Yahoo Answers ya yi shekara goma sha biyar da 'yan kai yana tara tambayoyi, a watan Mayun 2021 aka rufe shi.

Duk da haka gara mai rumbun aro da mai zuba hatsi a ƙasa. Mu yawancin iliminmu da baki yake fita, cikin saƙon murya, kuma saƙon murya ba ya bincikuwa. Yadda dillalin Kara ta Wudil ke gane shekarun sa ta haƙori, yadda ake gane wake ya fara ƙwari tun kafin a kwance bakin buhu, duk ana faɗarsu kullum a waya, ana gogewa kullum.

Ɗan wana ya yi ƙoƙarin tuno abin da ya ji ya rubuta wa mutumin, sai ya ga ya manta sunan maganin da awonsa. Ran Alhamis ya ɗauki wayar ya koma rumfar nan, ya nuna hoton, ya ce na wani ne a guruf ɗinsu.

Dattijon ya duba, ya ɗago kai. "Kwana nawa da shuka?"

"Wallahi Baba, bai faɗa ba."

"To kira shi."

Ya lalubo lambar ya buga, wayar a kashe.