Kasalar da ke Biyo Bayan Wahala

Akwai kasalar da kowa ya sani, ta mutumin da tun fil'azal bai taɓa son aiki ba. Wannan ba ta ɓoye kanta, shi ya sa ba ta dame ni ba. Mai wuyar sha'ani ita ce wadda ke kama mutum mai himma bayan ya fito daga wani hali: jinyar uwa ta wata da watanni, mutuwar aure, rashin ɗa, bashin da ya hana barci. Masifar ta wuce, an yi jaje an watse. Amma buhun ƙyallaye yana nan ƙarƙashin gado inda aka tura shi, allura na soke a ɗinkin da aka bari rabi. Mai ɗinkin tana so ta koma, tana ma faɗa wa kowa za ta koma, sai dai kullum gobe.

Hutu bayan wahala haƙƙi ne, kuma wanda ya hana mai gajiya hutawa azzalumi ne. Addini ma ya ware wa baƙin ciki lokacinsa: kwana uku na makoki, wata huɗu da kwana goma na takaba. Abin lura shi ne an yi masa farko, an yi masa ƙarshe. A wata sananniyar addu'a Manzon Allah (SAW) ya nemi tsari daga damuwa da baƙin ciki da gazawa da kasala, a jere, kamar masu tafiya tare. Malamai sun ce gazawa ita ce mutum ya so amma ba ya iyawa, kasala kuwa ya iya amma bai tashi ba. Matsalar ita ce babu mai buga ƙararrawa ranar da gazawa ta ƙare kasala ta karɓi gida. Alama ɗaya na sani: hutu na gaskiya yana rage nauyin ƙirji kullum, kasala kuwa ƙara shi take yi, har mutum ya riƙa kauda ido in ya zo wucewa ta kusurwar da kayan ɗinkinsa suke. Wanda kuma ya ga ba ɗinki kaɗai ya fita daga ransa ba, har abinci da barci da hira da mutane, wannan ciwo ne, likita yake bukata, ba wa'azina ba.

Mutanen da suka fi koya mini wannan magana ba Hausawa ba ne. Matan wani ƙauye ne na baƙar fata a jihar Alabama ta Amurka, wanda ake kira Gee's Bend. Kogin Alabama ya kewaye shi ta ɓangare uku. Gonar auduga ce ta bayi da wani Joseph Gee ya kafa a 1816, daga baya ta koma hannun Mark Pettway a 1845, shi ya sa har yau da yawa daga mutanen ƙauyen Pettway ne sunan gidansu, sunan ubangijin kakanninsu. Matan wurin sun shahara da bargon ƙyallaye. Shimfiɗa uku ce: a sama ƙyallayen da aka harhaɗa aka ɗinke, a tsakiya auduga, a ƙasa shafi, sannan a bi duka da allura layi-layi don kada audugar ta dunƙule. Ba don ado suka fara ba. Ɗakunansu na katako ne da ake liƙe ɓarakarsu da tsofaffin jaridu, sanyi kuma ba ya sallama.

In ana maganar shiga wani hali, sun shiga. A 1932, farashin auduga ya faɗi ƙasa warwas, ɗan kasuwar garin Camden da ke ba su bashi ya mutu, aka aiko mutane suka kwashe dabbobinsu da kayan noma da abincin da suka adana. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ce ta ciyar da su a hunturun nan. A 1962, lokacin da suka fara tsallaka kogi don yin rajistar zaɓe, aka dakatar da jirgin fiton da ke kai su Camden, tafiyar mintuna ta koma ta kusan awa guda a mota, ga mai motar ke nan. Ba a dawo da jirgin ba sai 2006.

Wata mata a cikinsu, Missouri Pettway, mijinta Nathaniel ya yi jinya wajen wata takwas ya rasu. 'Yarta Arlonzia ta ba da labarin abin da ya biyo baya: uwar ta tattara tufafinsa na gona, wanduna da riguna, ta ce za ta mai da su bargo ta riƙa rufa da shi. Ƙafar wando sama faɗi ƙasa tsukuku, sai ta sa 'yar ta riƙa yanke su su daidaita. Bargon na 1942 ne, yana nan har yau. Ba na kawo ta don a mai da ita bulalar dukan wasu ba, kowa da irin zuciyarsa. Na kawo ta ne domin ta karya babbar hujjar kasala, wato cewa sai rai ya yi daɗi tukuna hannu zai kama aiki. Ita ba ta jira baƙin cikin ya fita ba. Ta zauna da shi, ta sa masa almakashi.

Wannan hujja ta jiran zuciya ita ce mafi daɗin ji, kuma ita ce mafi ƙarya. Muna zaton sha'awa ke gaba aiki na biye, alhali sau da yawa aikin ne ke janyo ta. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gane haka. Tun shekarun 1970 wani masani a Amurka, Peter Lewinsohn, ya nuna cewa mai baƙin ciki yakan janye daga abubuwan da ke faranta masa rai, janyewar kuma ta ƙara masa baƙin cikin, a yi ta zagaye. Maganin da aka gina a kan wannan shi ne a sa mutum ya koma ga ƙananan ayyukansa a lokacin da aka tsayar, ko yana so ko ba ya so, daɗin ya iske shi a can. Duk tsohuwar da ta taɓa miƙa wa mai takaba faifan wake ta ce tsince mini, ta san wannan ba tare da ta ji sunan Lewinsohn ba.

Hujja ta biyu ita ce hannu ya lalace. Gaskiya ne, ya lalace. Ɗinkin farko bayan dogon zama zai fito a karkace, zare zai yi ta tsinkewa, ido zai yi ta neman kafar allura. A nan ne kasala ke haɗa baki da girman kai: wadda aka sani da ƙwarewa ba ta son ta ga aikinta ya koma na 'yar koyo, gara kada ta yi sam. To, bargunan Gee's Bend da duniya ta yaba, galibinsu ba su miƙe ba. Layi ya fara da faɗi ya ƙare a tsuke, shuɗi ya ƙare a tsakiyar hanya aka cike da ja. Akwai wani salo da suke kira rufin gida: a fara da ɗan ƙyalle guda mai kusurwa huɗu a tsakiya, a ɗinka masa tsiri a gefe, a ƙara wani, a yi ta kewayawa har ya isa rufe gado. Mai wannan ɗinki ba ta bukatar ta san yadda zai ƙare kafin ta fara. Tsiri ɗaya ake nema gare ta yau. Hujjar rashin kayan aiki kuwa ba sai an tsaya a kanta ba, ga mutanen da suka yi da buhun gari da tsohon wando.

Mai kaifin hankali zai ce: ai waɗannan sanyi ne ya kore su, dole ce, ba nagarta ba. Wadda take ɗinki don jin daɗin ranta, bargon kanti na kan gadonta, me zai tashe ta? Maganar tana da ƙarfi, kuma tarihin ƙauyen ya gaskata rabinta. Da gidaje suka gyaru, matasa suka tafi birane, ɗinkin ya ja baya ƙwarai, ya kusa zama na tsofaffi kaɗai. Abin da ya farfaɗo da shi ba sanyi ba ne. A 2002 aka baje kolin bargunan a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, daga nan aka kai su gidan Whitney a New York, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunan guda goma daga cikinsu a kan kan sarki. Matan da suka ajiye allura suka ga aikin iyayensu rataye a bango, mutane na tsaye suna kallo. Cikinsu akwai Louisiana Bendolph, wadda ta yi ɗinkin tana yarinya ba don tana so ba, ta bar shi shekaru. Ta ce a hanyar dawowa daga Houston ne siffofin barguna suka fara zuwa mata a ka, suka ƙi barinta sai da ta zana su ta ɗinka. Za a ce ga shi nan, sha'awa ta riga aiki. To, amma ba a ɗaki ta same ta ba. Sai da ta shiga mota ta je inda bargunan suke, cikin matan da ke yin su. Kuma da ta bar siffofin a ka, da yau babu wanda ya san sunanta.

Kasala tana son kaɗaici, can take ƙiba. Shi ya sa nake ganin laifin ba na mai kasalar ba ne ita kaɗai. Mu da ke kewaye da ita mun iya zuwa jaje, mun iya cewa a yi haƙuri, amma bayan sadakar arba'in kowa ya kama gabansa. Wanda ya tuna da ita ma, gori yake kawowa: har yanzu ba ki gama wannan abin ba? Gori bai taɓa sa kowa ya zura zare ba. Abin da ke aiki shi ne 'yar'uwa ta zo da nata ɗinkin ta zauna a tabarma, ba ta ce komai ba, ko ta ce, "Yaya, riƙe mini nan in yanka."

A Gee's Bend tsarin aikin kansa ya tanadi wannan. Harhaɗa ƙyallayen sama aikin mace ɗaya ne, a ɗakinta, yadda ranta ya so. Amma haɗa shimfiɗa ukun ya fi ƙarfin hannu ɗaya a ce za a gama da wuri, don haka akan ɗaure bargon a kan firam na katako, maƙwabta su zauna kewaye da shi, kowa da allurarta, suna waƙoƙin coci, yau a gidan wannan gobe a gidan waccan, kamar dai aikin gayya. Wadda ta sa wa mata rana dole ta gama nata ɓangaren kafin su iso. Wadda kuma ba ta da ko tsiri ɗaya a bana, ana jiran ta a gidan maƙwabciya, an bar mata gefe guda na firam ɗin.