Alƙali Bai Yanke Masa Hukuncin Tari Ba

Idan cuta ta ɓulla a kurkuku, akwai tambayar da mutane da yawa suke riƙe da ita a zuci: don me za a kashe kuɗin magani a kan mai laifi, alhali talakan da bai cuci kowa ba yana kwance a gida babu ko allura? Tambayar tana da nauyi, ta kuma cancanci amsa.

Da farko, alƙali shekaru yake yanke wa mutum. Wanda aka ɗaure shekara 2 saboda satar akuya, ya kamu da tarin fuka a ɗakin da babu iska har ya mutu, an ƙara masa hukuncin da kotu ba ta faɗa ba. Balle ma a Najeriya, inda fiye da rabin waɗanda suke tsare jiran shari'a suke yi, ba a tabbatar musu da laifi ba tukuna.

Na biyu, katanga tana tsare mutum, amma ba ta tsare cuta. A shekarar 1750, zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa ya fito daga kurkukun Newgate a birnin Landan, ya bi fursunoni zuwa kotu, ya kashe alƙalai har da magajin garin. Gandiroba yana komawa wurin iyalinsa kowace yamma, wanda aka sallama kuma yana komawa ƙauyensu da abin da ke ƙirjinsa. Idan gemun ɗan'uwa ya kama wuta, mai hankali yakan shafa wa nasa ruwa.

Abin da ake bukata sananne ne: a duba lafiyar kowa ranar da ya shigo, a ware mai tari daga sauran, a samar da ruwa mai tsabta da sabulu, a rage cunkoso. Maganin tarin fuka na wata 6 ne. Wanda aka sallama a tsakiya ya daina sha, cutar tana iya dawowa ta ƙi jin magani. Nelson Mandela ya kamu da wannan tari yana ɗaure a 1988, aka yi masa magani ya warke. Ƙa'idodin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 da ke ɗauke da sunansa sun tanadi cewa ɗaurarre ya sami kulawar lafiya daidai da ta mutanen waje.

Ga mai bi kuwa, maganar ta wuce tsoron kamuwa. A Matiyu sura 25, Ubangiji Yesu ya lissafta ziyarar ɗaurarre a matsayin ziyarar da aka kai masa shi kansa, bai kuwa ce a fara binciken laifin mutumin ba. Ikkilisiyar da take kai wa'azi gidan yari tana iya haɗawa da sabulu, ta biya tarar wanda ƙaramin kuɗi ya riƙe, ta kuma raka wanda aka sallama asibiti har ya ƙarasa maganinsa.