Sai Bango Ya Tsage Ƙadangare Ke Samun Wurin Shiga

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa, a Jega ne ko a Maiyama, ya san cewa idan damina ta ƙarato magidanci mai hankali yakan kewaya gidansa, ya duba inda zafin bazara ya tsattsaga, ya sa a kwaɓa ƙasa da busasshiyar ciyawa a yi yaɓe, domin ya tabbata 'yar tsagar da ƙadangare ya samu yau, ita ce ruwa zai bi gobe ya kayar da katanga. Daga nan magabata suka ciro wannan magana, kuma ko da yake an fi kawo ta idan 'yan'uwa sun sami saɓani har bare ya shiga tsakaninsu, tana ɗauke da wata hikima ta biyu wadda ta shafi adalci, wato kada a tsaya ga musibar da ido ya gani, a bi sawunta har a isa ga sababinta.

Babu wanda ya fi bukatar a yi masa wannan adalci irin mai tsaron gida a wasan ƙwallo, wanda yara ke kira gola. A filayen makarantun Aliero da Jega, inda ƙasa take da tauri da tsakuwa, idan samari suka raba kansu da la'asar, galibi wanda aka raina gudunsa shi ake tura wa tsakanin turaku, alhali amanar da aka ɗora masa ta fi ta kowa nauyi: ƙofa mai faɗin yadi 8 da tsayin ƙafa 8, mutum ɗaya tal. Ɗan gaba ya ɓarar da dama biyar, ya ci ta shida, a ɗauke shi a kafaɗa; gola kuwa ya ture tara, ya goge gwiwa da gwiwar hannu, wani lokaci har a kai shi wurin masu ɗori, waɗanda Aliero ta shahara da su, amma ta goma da ta kuɓuce masa ita kaɗai za a tattauna a majalisa bayan sallar isha'i.

To, ƙwallo ba ta isa gare shi sai ta ratsa mutum goma. A dubi abin da ke faruwa idan alƙalin wasa ya ba da bugun tazara kusa da raga: gola ya manne da turke, ya rufe ido ɗaya, yana ɗaga yatsu huɗu, yana tsawa a matsa dama, a matsa hagu, har ya jera abokansa kafaɗa da kafaɗa yadi 10 daga ƙwallo, su tsare masa gefe guda, shi ya tsare ɗayan. Idan ɗaya daga cikinsu ya ji tsoro ya kau da jiki, ƙwallo ta bi ta wannan kafa, 'yan kallo ba za su ga wanda ya kauce ba, wanda ya sunkuya ya ɗauko ta cikin raga shi za su gani.

Tarihi ya ajiye mana misalai. Ranar 16 ga Yuli, 1950, a filin Marakana, Burazil tana bukatar kunnen doki kawai ta ɗauki kofin duniya, sai Yurugwai ta doke ta da ci 2 da 1, jama'a kuwa suka ɗora wa golansu Moacir Barbosa alhakin abin da ya sami ƙungiya baki ɗaya, ya rayu shekara hamsin ana nuna shi da yatsa, har ya mutu a 2000. Mu ma ba mu tsira ba. Ranar 29 ga Maris, 2022, a Abuja, bugun Thomas Partey na Gana ya wuce ta ƙarƙashin Francis Uzoho, aka tashi 1 da 1, Nijeriya ta rasa zuwa gasar kofin duniya a Ƙatar. Babu shakka ya yi kuskure, shi da kansa ya nemi afuwa. Amma insafi ya wajabta a tuna cewa a karon farko a Kumasi an tashi babu ci, a Abuja kuma, bayan William Troost-Ekong ya rama da fenariti, 'yan gaba sun sami fiye da sa'a guda ba su ƙara ko ɗaya ba.

Malaman fiƙihu sun daɗe da warware irin wannan mas'ala a babin ajiya, inda suka hukunta cewa wanda aka ba amana ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa, sai in an tabbatar ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Da masu kallo za su ari wannan ma'auni, da sun bambanta ƙwallon da gafala ta jawo da wadda ta fi ƙarfin ɗan'adam.

Sai dai karin maganar ba ta zama mafaka ga malalaci ba, gama shi ma gola bango ne, kuma gyaran kansa yana wuyansa. A ƙasar Kanada, inda ake wasan hoki a kan ƙanƙara, ana doka wani ɗan faifan roba mai tauri da sanda ya tashi da gudun da kan wuce kilomita 150 a sa'a, masu tsaron gida sun shekara da shekaru suna tsayawa da fuska a buɗe, ana ganin rufe ta ragwanta ce. Ranar 1 ga Nuwamba, 1959, a birnin New York, faifan ya fasa wa Jacques Plante na ƙungiyar Montreal fuska, aka ɗinke shi, ya ƙi komawa fili sai da abin kare fuska, duk da ƙyamar da mai horar da su, Toe Blake, yake yi wa abin. Ya ci wasan, ya ci gaba da tsaro har shekarun 1970, abin da aka yi masa ba'a a kansa kuma ya zama al'adar kowane gola. An kuma san shi da yi wa 'yan bayansa magana yana shirya su tun hari bai iso ba, wanda shi ne ainihin yaɓe kafin damina.

Da irin wannan himma namu suka yi suna: Inuwa Lawal Rigogo na ƙungiyar ECN ta Legas a shekarun 1960, da Peter Rufai wanda aka ci kofin Afirka da shi a 1994, da Vincent Enyeama wanda ya buga wa ƙasa wasa 101, da Stanley Nwabali wanda ya ture fenariti biyu na Afirka ta Kudu a Buwake a watan Fabrairu na 2024.

Saboda haka, ya kai mai karatu, ko shugaba ne kai a gida, ko a kasuwa, ko a makaranta, idan ɓarna ta auku kada ka yi gaggawar kama wanda aka same ta a hannunsa, ka fara tambayar hannu nawa ta ratsa kafin ta iso shi. In kuwa kai ne aka ajiye a ƙofa, ka gyara abin da ke ikonka, ka faɗakar da na gabanka tun da wuri, sauran ka bar wa Allah. Allah ya sa mu zama masu adalci ga waɗanda ke tsare mana gida, amin.