MATAMBAYI BA YA ƁATA: WA'AZI A KAN SAUYA SANA'A



Ranar 1 ga watan Mayu ita ce Idin Waliyi Yusufu Ma'aikaci, wanda Paparoma Pius na 12 ya kafa a shekarar 1955 domin Ikilisiya ta riƙa tunawa da darajar aikin hannu. A ƙasarmu wannan idi yana zuwa ne daidai lokacin da ake sharar gona ana kai taki, 'yan ci-rani kuma suna komowa gida daga Kano da Kaduna da Abuja da Ikko. A irin wannan lokaci ne magidanci kan zauna a ƙofar gida bayan an ci tuwon dare, ya yi shiru yana lissafi a ransa: shin in ci gaba da aikin da nake yi, ko kuwa in bar shi in kama wani? A kan wannan tambaya muke so mu yi nazari, domin mun ga gidajen da amsarta ta ɗaukaka, mun kuma ga waɗanda ta rushe.

Da farko, mu yarda cewa sauya sana'a ba abin kunya ba ne, sau da yawa ma ba mutum ne ke zaɓa wa kansa ba. Dattawanmu da suka yi aiki a masana'antun Bompai da Sharada da Challawa suna tune da yadda aka shiga rage ma'aikata bayan da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP a 1986, da yadda masaƙu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya a shekarun da suka biyo baya. A watan Janairu na 2013 gwamnatin Jihar Kano ta hana ɗaukar fasinja a kan babur a cikin birni, samarinmu 'yan acaɓa suka wayi gari babu sana'a. Waɗansu suka koma tuƙa A Daidaita Sahu, waɗansu suka dawo ƙauye. Ran 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur, sai direba da mai injin niƙa da mai injin ban-ruwa duk suka ga lissafinsu ya birkice. Paparoma Yohanna Bulus na 2, a wasiƙarsa ta 1981 a kan aikin ɗan Adam, ya koyar da cewa mutum ya fi aikin da yake yi daraja, domin don mutum aka yi aiki. Saboda haka wanda aikinsa ya mutu, shi bai mutu ba. Abin dubawa shi ne yadda zai ƙetare daga wancan aiki zuwa wannan, da kuma wanda zai riƙe masa hannu a tsakiyar kogi.

Mu duba Littafi Mai Tsarki. A Littafin Sarakuna na Fari, sura 19, mun tarar da Elisha yana huɗa da shanu, manomi ne kamar yawancinmu. Da Annabi Iliya ya kira shi, sai ya yanka shanun, ya hura wuta da kayan huɗar ya dafa naman, ya raba wa jama'a, ya tashi ya bi Iliya. Mutane da dama suna son wannan labari don jaruntakar da ke ciki, amma sukan manta da ƙarshensa. Elisha bai ƙone garmarsa don ya tafi yawon neman sa'a ba. Ya san wurin wanda za shi, kuma ya zauna a ƙarƙashinsa yana yi masa hidima, har mutane suka san shi da cewa shi ne mai zuba wa Iliya ruwan wanke hannu. Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Wanda zai sayar da gonar gado don ya sayi abin hawa na haya, sai ya fara tambayar kansa: ina nawa Iliyan?

Haka kuma Manzo Bulus. Bayan da Ubangiji ya gamu da shi a hanyar Dimashƙu, kwana uku ya yi ba ya gani, sai da Hananiya ya zo ya ɗora masa hannu. Da ya je Urushalima, almajirai suka ji tsoronsa saboda abin da ya aikata a dā, sai Barnaba ya tsaya masa, ya kai shi gaban manzanni ya ba da shaida a kansa. Daga baya Barnaban ne ya tafi har Tarsus ya nemo shi, ya kawo shi Antakiya, suka yi shekara guda cur suna aiki tare. In har Bulus, wanda Yesu ya kira da bakinsa, ya bukaci mai jagora, wane ne a cikinmu zai ce shi kaɗai ya ishi kansa? Mu kuma lura cewa Bulus bai yar da tsohuwar sana'arsa ta ɗinkin tanti ba. A Koranti da ita ya ci abinci a gidan Akila da Bilkisu, yana wa'azi yana ɗinki.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Fataken da suka riƙa tafiya Gwanja sayen goro ba su kama hanya sai da madugu wanda ya san rijiyoyi da zango. In sun isa gari, wurin fatoma suke sauka, shi ya san farashi, ya san mai biyan bashi da mai cinye shi. Har yanzu a Kantin Kwari da Dawanau da Ƙofar Ruwa yaro yakan yi shekaru a hannun ubangida kafin a yaye shi ya buɗe nasa. A zamanin nan abin ya zama sana'a mai zaman kanta: akwai masu horar da mutane a kan tafiyar da rayuwa da aiki, waɗanda aka kafa babbar ƙungiyarsu ta duniya a Amurka a 1995, kuma ana biyansu kuɗi su zauna da mutum mako-mako. Nagari a cikinsu ba ya yanke maka hukunci. Tambayoyi yake yi maka har ka ga abin da ka ɓoye wa kanka, ku tsara matakai tare, sa'an nan ya sa maka rana ka dawo ka faɗi abin da ka cika. Yawancinmu ba mu da kuɗin biyan irin wannan mutum, amma aikin da yake yi muna iya samunsa a cikinmu, in mun san abin da muke nema.

To, da me ake gane mai shawara nagari?

Na ɗaya, ya san aikin da idonsa da hannunsa. Mai son shiga noman rani a bakin madatsar ruwa, kamar ta Guzu-Guzu ko ta Challawa da ke Ƙaraye, ya nemi wanda ya shekara biyar ko goma a ciki. Shi zai faɗa masa cewa tumatir yakan faɗi warwas a kasuwa lokacin da kowa ya ɗebo nasa, ya kuma ba shi labarin tsutsar da ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016. Mai son tuƙa A Daidaita Sahu ya zauna da tsohon direba su lissafa balas ɗin mai keke, da kuɗin mai, da gyara, da haraji, da kuɗin ɗaki a birni, su ga abin da ya rage na cefane. Ubangiji da kansa, a Bishara ta hannun Luka sura 14, ya yi misali da mai ginin da bai zauna ya ƙididdige kuɗin aikin ba, ya sa harsashi ya kasa gamawa, ya zama abin dariya.

Na biyu, ba shi da riba a cikin hukuncin da za ka yanke. Dillalin da zai sami la'ada in ka sayar da gonarka ba shi ne zai ce maka ka riƙe ta ba. Ba mu manta da MMM ba, wadda ta tsaya cak a watan Disamba na 2016 da kuɗin jama'a a ciki. Waɗanda suka jawo mutane cikinta da sunan shawara suka zo, alhali suna da kaso a kan kowane mutum da suka shigar. Duk mai ce maka ka kawo kuɗi yau, gobe dama ta wuce, ka ja baya. Gaggawa aikin Shaiɗan ce.

Na uku, yana iya faɗa maka abin da ba ka son ji. Sarki Rehobowam ya nemi shawara wurin dattawa, suka ce ya sassauta wa jama'a. Maganar ba ta yi masa daɗi ba, sai ya koma wurin samarin da suka tashi tare, suka faɗa masa abin da kunnensa ke so, kabila goma suka ɓalle daga mulkinsa. Yawancinmu in mun ce muna neman shawara, mai tafa mana muke nema. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Na huɗu, yana tafiya tare da kai bayan ka fara. A Littafin Tobit, Mala'ika Rafa'ilu bai nuna wa saurayi Tobiya hanyar Midiya da yatsa ya koma ba. Tare suka je, tare suka dawo. Wata shida na farko a sabuwar sana'a su ne masu wuya, lokacin da jari ya shiga, riba ba ta fito ba, makwabta kuma sun fara magana. A nan ne mutum ke bukatar wanda zai ce masa ya daure, ko kuwa ya ce masa ya tsaya haka nan kafin asarar ta yi yawa.

Kada kuma mu ce sai ɗan Ikilisiya kaɗai za mu tambaya. Yetro, surukin Musa, firist ne na Madayana, ba Ba'isra'ile ba, amma shi ya ga Musa yana gajiyar da kansa da shari'a tun safe har yamma, ya ba shi shawarar raba aikin, Musa kuwa ya karɓa. In makwabcinka Musulmi ne ya fi kowa sanin kiwon kaji ko cinikin hatsi, kuma an shaide shi da amana, ka je ka gaishe shi da ladabi ka tambaya.

Akwai kuma gargaɗi daga Waliyi Ignatius na Loyola, wanda shi kansa soja ne har sai da harsashin igwa ya karya masa ƙafa a Pamplona a 1521, ya sauya rayuwa, ya koma ajin koyon Latin tare da yara yana da shekara fiye da 30. Ya koya wa almajiransa cewa kada mutum ya sauya babban ƙuduri a lokacin da zuciyarsa take cikin duhu. Ranar da maigidanka ya ci maka mutunci, ko ranar da damina ta ba ka kunya, ba ranar yanke hukunci ba ce. Ka kwana, ka yi addu'a, ka zo Misa, ka yi magana da Fada ko Katikis, sa'an nan ka duba al'amarin da sanyin rai. In da hali, ka gwada sabuwar sana'ar kaɗan-kaɗan a lokacin rani, gonarka tana nan, kamar yadda Bulus ya riƙe allurarsa.

Magidanta, muna roƙonku da murya ta musamman: kada matanku su ji labari a bakin rijiya. Matar da za ta auna hatsin rumbu ya kai wata goma sha biyu tana da haƙƙin a tambaye ta kafin a taɓa gona ko shanu, kuma sau da yawa ita ta fi sanin iyakar ƙarfin gidan. Haka nan iyaye mata da 'yan mata masu son barin wata sana'a su kama ɗinki ko saƙa ko sayar da abinci, su nemi wadda ta riga su a cikin Zumuntar Mata, su zauna a hannunta.

Daga ƙarshe, maganar ta juyo kan dattawa da duk wanda Allah ya ba sana'a a hannu. Sunan Barnaba na yanka Yusufu ne. Manzanni ne suka sa masa laƙabin da ke nufin mai ƙarfafa zuciya. Kowace majami'a tana bukatar irinsa. Akwai kafintoci da magina da teloli da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti masu ritaya a cikinmu, waɗanda iliminsu zai bi su kabari in ba su raba shi ba. Muna ba da shawara kowace majami'a ta rubuta sunayen irin waɗannan mutane da sana'o'insu, a ajiye wurin Katikis, domin saurayin da ya dawo daga birni hannu wofi ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Wanda aka zo wurinsa kuwa ya riƙe sirri, kada ya mai da yaron bawa, kada kuma ya ji ƙyashi in ya fi shi. Waliyi Yusufu bai bar mana kalma ko ɗaya a cikin Bishara ba, amma a shagonsa ne Mai Ceton duniya ya koyi riƙe kayan sassaƙa, har mutanen Nazarat suka san shi da sunan sana'ar.

Mu yi addu'a. Ya Allah Uba, kai da ka ba kowane mutum baiwarsa, ka dubi 'ya'yanka da ke tsaye a mararraba a wannan shekara. Ka ba su tawali'un tambaya da haƙurin saurare, ka haɗa su da masu gaskiya, ka raba su da mayaudara. Ka sa wa gonakinmu da shagunanmu albarka, ka ba mu damina mai kyau. Ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.

Waliyi Yusufu Ma'aikaci, ka yi addu'a dominmu.