Shaidar Takarda

Tsakanin shekarar 1646 da 1647, wani saurayi ɗan ƙasar Holan mai suna Roelant Roghman, yana kimanin shekara 20 da haihuwa, ya zaga lardunan Holland da Utrecht yana zana gidajen sarauta da baƙin alli. Ya zana fiye da 200: hasumiyoyinsu, da gadojinsu, da gwalalon ruwan da ya kewaye su. A 1672 rundunar Sarki Louis na 14 na Faransa ta mamaye ƙasar, aka ƙone da yawa daga cikin gidajen nan. Gidan Nijenrode da ke bakin kogin Vecht na cikin waɗanda wuta ta ci a 1673. Yau mai son sanin kamannin wasunsu na dā sai ya nemi takardun Roghman a gidajen tarihi na Amsterdam da Haarlem.

Masu gidajen sun gina su da dutse da tubali don sunansu ya dawwama, sai ga shi takarda ce ta riƙe musu amanar. Abin tambaya shi ne: wane nauyi ke kan wanda shaidarsa kaɗai ta saura?

Ana cewa gani ya kori ji, saboda haka muna saurin gaskata zane. Amma mai zane zaɓe yake yi. Shi ke zaɓar inda zai tsaya, da abin da zai bari a waje. Zanen gida yana adana darajar maigida, domin da sunan zuriyarsa ake yawan kiran ginin. Wanda ya haƙa gwalalo da manomin da ya biya haya ba su da suna a jikin takarda. Idan gini ya rushe, wannan zaɓen shi ke zama tarihi.

Duk da haka ban ga laifin Roghman ba. Ya zana gidaje masu rai, ya kuma zana kufai yadda ya tarar da shi, bai ƙara masa rufin da babu. Bai san yaƙi na tafe ba, ya dai yi aikinsa tsakani da Allah. Sauran nauyin yana kanmu masu kallo. Ya kamata mu karɓi abin da takarda ta nuna da godiya, sannan mu tambayi tarihi labarin mutanen da allinsa bai kai gare su ba.